Biskit ɗin Akwatin Iya

Duk safiyar da na bi ta kasuwar Shahe masu shaguna suna ɗaga ƙofofinsu na ƙarfe, sai na rage sauri. A layin masu rigunan yara akwai wata ƙofa da ke yin kuka siriri kafin ta hau sama, kuma kukan nan nata ba shi da maraba da na murfin akwatin Iya. Iya kakata ce, ita ta haifi Ummata. Sunanta aka sa mini, shi ya sa tun ina rarrafe ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara. Karatu ne ya kawo ni Guangzhou, ranakun da babu aji kuma nakan raka 'yan kasuwarmu na Kano ina yi musu tafinta. Shekaruna ba su kai na mai cewa "a zamaninmu" ba, na sani. Amma gidan da na tashi a cikinsa babu shi yanzu, akwatin ma babu, saboda haka ni ma ina da zamanin da zan ba da labarinsa.

Gida ne na ƙasa a cikin birni, mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Ba agogo ke tashe mu ba. Ƙarar guga ce tana dukan bangon rijiya, sai sharar Umma, sai tattabarun maƙwabta suna guɗa a kan soro. Da hantsi matan gida su hau daka, taɓarya biyu a turmi ɗaya, su riƙa lugude suna tafi a tsakani. Aikina shi ne tsintar shinkafa a faifai a bakin ƙofar Iya, kuma ban taɓa gamawa da wuri ba, don rabin hankalina yana kan gajimare. Iya takan leƙo ta ce, "Takwara, tsakuwar tana cikin faifai, ba a sama take ba." Ɗakinta kullum da duhu-duhu da sanyi. Ga jeren kwanuka har rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa, a ƙarƙashinsa kuma koren akwatin da aka kawo ta gidan da shi tana amarya. A ciki take ajiye zannuwan da ba a ɗaurawa sai da dalili, da kwalbar turaren wuta, da ƙullin kanumfari da gajiji, da farin yadin da ta saya wa kanta tun da ƙarfinta ta ce na tafiya ne. A can kusurwa, ƙarƙashin komai, gwangwanin biskit yake.

Kawu ne yake kawo shi. Ƙanin Umma ne, yana aikin jinya a Ingila, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ranar da ya sauka gidanmu ya zama kasuwa. Za a shimfiɗa tabarma, a zazzage tsaraba, Iya ta zauna a tsakiya tana rabo, babu gidan da ke layinmu da ba za a kai wa ko da alewa uku ba. Akwai cakulan da zafin Kano yake narkarwa tun a hanya, sai dai mu lashe takardar. Akwai wata alewa mai danƙo, launin zuma, wadda ta taɓa tafiya da haƙorin yayana mai girgiɗi, ya yi ta kuka yana tsotsa bai tofar ba. Takardunsu masu ƙyalli nake tarawa, in goge su da farce su miƙe, in jera a cikin littafin Turanci, in riƙa karanta sunayen garuruwan da ke jiki kamar mai karanta waƙa. Duk wannan namu ne, ranar ake gamawa da shi. Gwangwanin ne kawai ba a taɓawa. Ja ne mai ratsin baƙi, da hoton wani Bature sanye da zane iya gwiwa, ya rungumi wata salka yana busawa. Iya takan ɗaga shi ta daɗe tana kallo, ta ce, "Namiji da zane, Allah ya shirya. Amma dai sun iya gashi." Sai ta shige ɗaki da shi. Na sha ganinta ta ƙofa tana fitar da biskit ɗin daga leda, don a cewarta leda shaƙe abinci take yi, tana jera shi a farin ƙyalle, tana 'yan dabarunta. Ban taɓa tsayawa na kalla har ƙarshe ba, alewa tana jirana a waje.

Dokar gidanmu ita ce biskit ɗin Ingila na majinyaci ne. "Mai lafiya tuwo ya ishe shi," in ji Iya. Ba kowane majinyaci ba ma, sai wanda ya juya wa abinci baya. Mai jego da bakinta ya mutu, tsohon da ya ƙi kunu, yaron da ƙyanda ta kwantar, daga gidajen maƙwabta ma akan aiko, Iya ta naɗe guda biyu a takarda ta bayar. Gwangwani ɗaya yakan kai shekara. Mu yara kuwa babu ciwon da ba mu ƙirƙira ba. Yayana har albasa yake sawa a hammata ya kwanta a rana don jikinsa ya yi zafi. Iya ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta sansana iska, ta ce, "Ash, wannan ciwon na maɗaci ne, a jiƙo masa." Kafin a kawo ƙoƙon ya warke har ya haura katanga.

Nawa rabon ya zo ne da gaske. Ina aji uku wani zazzaɓi mai naci ya kama ni, aka yi allurai ya sauka, amma ya tafi da bakina. Komai aka kawo ɗaci yake mini. Kwanaki ina kwance a gadon Iya ina ƙirga azarar rufi, Umma tana fita tsakar gida tana share ido da gefen zane. Wata rana da la'asar na ji an ja akwati, na ji murfin ya yi kukan nan nasa. A hankali Iya ta buɗe shi, yanzu na gane da gangan ne, don in ji. Ta haɗa shayi a ƙaramin kofi, ta zauna a bakin gado, ta karya biskit ɗaya gida huɗu. Ba ta ce in ci ba. Labarin Ingila ta kama ba ni, ita da ko Kaduna sau ɗaya ta taɓa zuwa. Ta ce gari ne da rana take jin kunyar fitowa, shanunsu ciyawa har ta gundure su, shi ya sa mansu yake da yawa har suna gasa shi da gari.

"Ba ci za ki yi ba, Takwara," ta ce. "Sansanawa kawai, ki faɗa mini ko ya lalace, ni hancina ya tsufa."

Na sansana. Ƙamshin man shanu ne, amma a bayansa akwai wani abu mai ɗumi da ke ɗan cizon hanci, da wani hayaƙi-hayaƙi mai daɗi can nesa. Na ce a raina ashe haka Ingila take ƙamshi. Ta tsoma gutsuren a shayi ta ɗora mini a harshe, ya narke tun ban tauna ba. Na ci huɗun duka. Sai ta ɗaga murya ta ce a kawo kunu. Umma ta shigo da rawar jiki tana cewa biskit ya yi magani, Iya ta ce, "Ba ya warkar da kowa. Ƙofa kawai yake buɗewa, kunu ya shiga."

Daga baya abubuwa suka bi juna suna tafiya, ba tare da wani ya yi sallama ba. Kawu ya bar aiki ya dawo gida, gwangwani ya daina zuwa. Aka raba gado, aka sayar da gidan, yanzu shaguna ne hawa biyu a wurin, rijiyar tana ƙarƙashin mai sayar da waya. Iya ta koma gidan Umma a sabuwar unguwa, ɗaki mai tayil da durowar kaya. Akwatin ya yi tsatsa, masu sayen ƙarfe suka tafi da shi a baro. Biskit ɗin Ingila kuwa ya cika kantunan Kano, har a waya ake tallarsa a kawo wa mutum gida. Na ga 'ya'yan yayana sun cinye fakiti guda a gaban talabijin, ko kallon hannunsu ba su yi ba. Ban ga laifinsu ba. Ni dai tausayinsu na ji, don ba su taɓa jiran abu shekara guda ba.

A nan Guangzhou ma haka na tarar. Akwai kantunan kayan ƙasashen waje da 'yan matan garin ke cika su ran hutu, suna ɗaukar hoto da gwangwanaye masu zanen jar motar bas da sojoji masu doguwar hula. Abokan karatuna sukan yi ado su tafi shan shayin la'asar irin na Turawa, a kawo musu 'yan kek a faranti mai hawa uku. Mutanenmu ma ba a bar su a baya ba. Wani alhajin zai gama lodin kwantena a kasuwar Baima, sannan ya ce in raka shi ya sayi cakulan ɗin Ingila na yara, wai kada a ce ya je ƙasar waje ya dawo da tsarabar Sin zalla. Ina bi ta gaban kantunan nan ina murmushi, ban taɓa shiga don kaina ba. Lafiyata ƙalau, tuwo ya ishe ni.

Sai ran nan Umma ta kira. Ta ce Iya ta daina cin abinci. Likita ya duba bai ga wani abu ba ban da shekaru, amma ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, kunu ma sai ta kurɓa sau biyu ta kau da kai, zobenta har ya fara zamewa daga yatsa. Abu ɗaya ta ambata, biskit ɗin akwati. Sun sayo kala uku a kanti, kowanne ta gutsura ta ajiye ta ce ba shi ba ne.

"Ke da kike waje, ki duba mana na ainihi," in ji Umma.

"Umma, Sin fa nake, ba Ingila ba."

"To ba duk waje ba ne?"

Ban yi musu ba, don a garin nan babu abin da ba a samu. Kanti uku na shiga ana ce mini "meyo", wato babu. A na huɗu, wata dattijuwa mai tabarau ta hau kujera ta sauko mini da shi. Ja mai ratsin baƙi, ga Baturen da zanensa da salkarsa, ko tsufa bai yi ba. Sai da na karanta abin da aka haɗa shi da shi sau uku, gari, man shanu, sukari, gishiri, babu abin da ya haramta. Na sayi biyu, ɗaya na Iya, ɗaya don in ajiye ina kallo. Na kai wa Hajiya Balaraba, wata mai sarin kayan yara da nake yi wa tafinta, wadda za ta tashi zuwa Kano washegari.

Bayan kwana uku saƙon murya ya shigo. Muryar Iya ta yi ƙasa sosai, amma tsiyar tana nan. "Takwara, an cuce ki. Duk bokon nan naki, 'yan Sin suka sayar miki da jabu. Gwangwanin dai shi ne, na gaishe da mai zane. Amma na ciki gari ne da sukari." Na kira Hajiya Balaraba ina neman kuka, ta ce, "Ke ma dai 'yar nan, a garin da ake buga jabun jabu? Ai ni ko ruwa na saya sai na duba gindin roba." Na fasa nawa gwangwanin na ɗanɗana. Da daɗi, ba laifi, amma babu ɗumin nan, babu hayaƙin. Iya ta yi gaskiya.

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyarsa. Na koma kantin na ajiye gwangwanin a gaban dattijuwar, na ce, "Lawban, wannan ba na Ingila ba ne." Lawban shi ne yadda ake kiran mai shago a nan. Ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo wata jaka ta fito da takardun shigo da kaya, ta bi layi-layi da yatsa tana nuna mini. Ta ce shekarunta da yawa a wurin nan, ba a taɓa ce mata haka ba. Na ɗauki gwangwanina na fita, ban yarda da ita ba, ban kuma san wa zan zarga ba. Na ce wataƙila Turawan ne suka canza hannu, kamar yadda komai ya canza.

Lokacin ne damshin garin nan ya sauko, irin wanda bango ke yin gumi, madubi ya rufe, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Kiyashi suka gano gwangwanin a kan teburina, suka yi layi tun daga taga. Na yi wa Hajiya ƙorafi a waya, ta ce, "Wai ku 'yan boko ba ku san komai ba? Watsa kanumfari a ciki. Iyayenmu da shi suke korar kiyashi." Na kakkaɓe abin da ya rage, guda tara, na naɗe a farin hankici, na zuba kanumfari cikin cokali a kai, na rufe. Don kada in riƙa ganinsa raina yana ɓaci, na cusa shi a akwatin tafiyata ƙarƙashin gado, inda Umma ta sa mini kwalbar turaren wuta da ban taɓa kunnawa ba saboda dokar ɗakin kwanan ɗalibai. Jarrabawa ta zo, na manta da shi. Labarin gida kuwa kullum sai ƙara nauyi yake. An sa wa Iya ƙarin ruwa sau biyu. Umma ta daina cewa "da sauƙi", ta koma cewa "sai addu'a".

Wata Juma'a da hantsi, bayan kusan mako huɗu, na jawo akwatin ina neman mayafi. Gwangwanin ya gangaro, murfin ya ɗan buɗe. Ban ɗanɗana ba tukuna, ƙamshin ne ya fara isowa, sai ga ni kwance a gado mai rumfa ina ƙirga azara. Na zauna a ƙasa na gutsura. Man shanu, ɗumin nan mai cizon hanci, hayaƙin nan can nesa. Na dubi 'yan ƙusoshin kanumfarin da ke cikin hankicin, na tuna Iya ta ba ƙofa baya tana 'yan dabarunta. Kiyashi take kora. Sauran kuma aikin akwati ne, wata da watanni biskit yana kwance tsakanin turaren wuta da gajiji yana shan ƙamshinsu. Babu wanda ya taɓa cin sa ranar da ya zo, har ita kanta. Ƙamshin da na yi shekaru ina cewa na Ingila ne, ashe na ɗakin kakata ne.

Hajiya Balaraba ta sake shigowa gari a makon, saura kwana biyu ta koma. Na same ta a Shahe a kan wani ƙunshin kaya tana fifita da kwali. Ta buɗe gwangwanin ta rufe da sauri.

"Ragowa? Ragowar da kiyashi suka bi za ki aika wa tsohuwa? Guda takwas? Ke ko kunya. Kawo in ƙara kuɗi mu sayi sabo mai leda."

"Hajiya, sabon ne ba ya yi. Wannan ɗin dai."

"A ce ni na kawo buɗaɗɗiyar tsaraba? Cewa za a yi na ci a jirgi!"

"Ki ce ni ce. Don Allah kada ki cire kanumfarin, kada kuma ki bari Umma ta juye a faranti. A haɗa shayi a ƙaramin kofi. A karya gida huɗu. Kada a ce ta ci, a ce ta sansana ta faɗa ko ya lalace."

Ta karɓa, ta zuge jakar hannunta, wadda fasfo ke ciki, ta sa shi a nan. "Allah ya sa a dace," ta ce. "Amma in aka zage ni, ke zan kawo wa."

Daga nan kantin dattijuwar na wuce da ledar dabino. Na ce mata kayanta na gaskiya ne, ni ce na yi kuskure. Ta karɓa, ta tura mini kujera, ta zuba mini shayi, ba ta tambayi komai ba.

Ran Litinin ina fitowa daga aji da yamma, lokacin safiya ce a Kano, wayata ta yi ƙara. Umma ce ta kira da bidiyo, ta juya wayar wajen Iya. Iya tana jingine da filo, ta zama 'yar ƙarama, gwangwanin yana kan cinyarta. Gutsure ɗaya ya rage a hannunta. Ta tsoma a shayi, ta kai baki, ta lumshe ido ta daɗe. Na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, ɗalibai suna wuce ni a kan kekuna.

"Takwara," ta ce.

"Na'am, Iya."

"Turawan sun dawo hayyacinsu."

"Sun dawo, Iya."

Ta sa yatsa a cikin hankicin ta ɗauko ƙwayar kanumfari ɗaya, ta kawo ta kusa da ido tana juyawa. Ta dubi ƙwayar, ta dube ni. Na ga gefen bakinta ya motsa.

"Sai dai ki faɗa wa Baturen naki hannunsa ya yi nauyi. Bakwai ake sawa, ba cokali ba." Sannan ta waiga wajen Umma. "Ke kuma kin tsaya kina kuka a kaina. Ina kunun?"